Bin sawun wayoyi a tsohuwar Land Rover ɗin Baffa

Tun da fitilun birki na Land Rover ɗin Baffa suka fara ɗaukewa, duk wanda ya leƙa bayan dashbod ɗinta shawara ɗaya yake bayarwa: a yanke komai, a sayo naɗin waya guda a kasuwa, a ja sabuwa daga batir har wutsiya. Ban yarda ba. Na sha ganin motocin da aka yi wa irin wannan aiki a nan Gadarif, a gabashin Sudan. Ka ɗaga bonet ka tarar jar waya ta tafi fitila, jar waya ta tafi hon, jar waya ta tafi kwil, duk an murɗe su wuri ɗaya da baƙin tef. Ran da wani abu ya lalace, wanda ya ja wayar ne kaɗai ya san kanta, kuma ba lalle yana gari ba. Wayoyin da mota ta zo da su daga masana'anta kuwa, ko sun tsufa, akwai tsari a jikinsu, kuma wanda ya iya karanta tsarin zai gano ciwon ba tare da ya yanke lafiyayyu ba.

Motar ƙirar Series IIA ce, doguwar, mai inci 109 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, injin fetur mai silinda 4, cc 2286. An yi wannan ƙira daga 1961 zuwa 1971, tamu kuwa cikin na farko-farko take. Fitilunta na gaba suna tsakiya, jikin ragar lagireto, ba a kan madigadi ba kamar waɗanda suka biyo baya, sitiyarinta kuma a dama yake, domin sai a 1973 Sudan ta koma tuƙi ta hannun dama. Da ita Baffa yake zuwa gona. Wanda ya san baƙar lakar Gadarif in ruwa ya kankama a Yuli da Agusta ya san dalilin da ya sa dattijo ba zai rabu da irin wannan mota ba. Lokacin shukar dawa da riɗi, inda ƙananan motoci ke kafewa har ƙofa, ita takan ja jiki ta wuce. Ga shi tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kayan gyaran da a da ake aikawa Khartum a kawo sun zama sai an sha wuya. Abin da ke hannunka shi za ka lallaɓa.

Sana'ata haɗa wa mutane sola ce a gidaje da shaguna. Abin da na sani game da tsofaffin motocin Ingila a wurin wani tsohon usta, wato babban makaniki, na koye shi, mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin manyan motocin Bedford ɗin nan da muke kira sifinja. Idonsa ya yi rauni yanzu, amma in ka faɗa masa launin waya zai gaya maka inda ta fito da inda za ta. Shi ya zauna kan benci a inuwar rumfa da jabanarsa, 'yar butar gahawa, ni da ƙanena muka shiga motar.

Ban kai ga ɗaukar sifana ba ya ce, “Ɗana, wane kan batir ne aka ɗaure da jikin mota?”

Tambayar tana da tushe. A mota waya ɗaya ce ke kai wuta wurin fitila, komawarta batir kuma ta cikin ƙarfen jikin motar ne, abin da muke ce wa ardi. A motocin yau kan batir mai alamar ɗebewa ne ake ɗaurewa da jiki. Amma yawancin motocin Ingila har tsakiyar shekarun 1960 kan mai alamar tarawa suke ɗaurewa, Land Rover ma sai a 1967 ta sauya. Tamu da kan tarawa a jiki aka ƙera ta, da dinamo mai cajin batir. Da na duba sai na ga kan ɗebewa ne a jiki, a gurbin dinamo kuma altaneta ce. Wato wani, shekaru da yawa baya, ya juya ta. Wannan kaɗai ya gaya mana cewa wayoyin motar kashi biyu ne, na masana'anta da na wanda ya yi juyin, kuma dole a rarrabe su.

Juyin yakan bar sawu. Usta ya ce in kunna fitilun gaba ba tare da na tada inji ba, in kalli allurar agogon caji. Tunda batir ake zuƙa, kamata ya yi ta karkata wajen ɗebewa. Sai ta karkata wajen tarawa. An juya batir ba a musanya wayoyi biyun da ke bayan agogon ba, shi ya sa Baffa ya daɗe yana cewa motarsa “ba ta caji sai in an kashe ta”. Muka musanya su. Haka kwil: ƙa'idar ita ce wayar da ke tafiya distirbuta ta zauna a kan alamar da ta yi daidai da kan batir ɗin da ke jiki. A tsofaffin kwil ba za ka ga alamar tarawa da ɗebewa ba, SW da CB aka rubuta. In an juya su inji zai tashi, amma tartsatsin fulogi ba zai yi ƙarfi yadda ya kamata ba. Namu sabo ne kuma daidai aka ɗaura shi.

Sai launuka. Yawancin masu ƙera motoci a Ingila tsari guda suka bi, wanda aka sani da BS-AU7, shi ya sa wanda ya iya wayoyin Bedford ya iya na Land Rover, ya iya na Hillman ɗin da aka daɗe ana tasi da su a Khartum, ya iya na Morris da Austin. Usta gida-gida yake kasa su: launin jikin waya shi ne sunan gidan, siririn ratsin da ke kanta shi ne sunan ɗan. Mai ruwan ƙasa daga batir take kai tsaye, da wuta a jikinta dare da rana, ba fis a gabanta. In ta ratsa fis ta fito sai ta zama shunayya, wuta kullum amma da kariya. Fara ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, ita ma ba fis. In ta ratsa fis sai ta zama koriya. Wanda ya riƙe waɗannan huɗu ya riƙe rabin motar. Saura shuɗiya ta fitilun gaba, ja ta ƙananan fitilun gefe da na baya, da baƙa wadda ita ce ardi.

Ratsi shi ke faɗin takamaiman aikin. Shuɗiya mai ratsin fari doguwar fitila ce, mai ratsin ja gajeriya. Koriya mai ratsin ja sigina ta hagu, mai ratsin fari ta dama. Koriya mai ratsin shunayya ta fitilun birki ce, mai ratsin baƙi kuma tana tafiya tankin da ke ƙarƙashin kujera, ita ke kawo labarin mai. Fara mai ratsin baƙi tsakanin kwil da distirbuta take, fara mai ratsin ruwan ƙasa ta fitilar gargaɗin baƙin mai, mai ruwan ƙasa da ratsin rawaya kuma ta caji. A zanen wayoyin da na sauko da shi daga intanet haruffa aka sa a madadin launi: B baƙi, U shuɗi, N ruwan ƙasa, G kore, W fari, R ja, P shunayya, Y rawaya. Harafin farko na jikin waya ne, na biyu na ratsi, saboda haka GP ita ce ta birki. Na kwafe zanen a babbar takarda da alƙalami, domin fuskar waya da hannu mai baƙin mai ba sa shiri, kuma kwafewar ta sa hanyoyin suka zauna mini a kai.

To amma a takarda ne launi yake fes. Wayar da ta shekara kusan 60 tana shan zafin inji da ƙurar rani da baƙin mai ba ta nuna launinta da sauƙi. Ja takan koɗe ta koma kamar mai ruwan ƙasa, shunayya ma haka, fara ta zama rawaya-rawaya, koriya da shuɗiya kuma da magariba ba mai iya rabe su. Abin da muka yi shi ne mu jiƙa tsumma da ɗan kananzir mu goge, sannan mu ja rigar da ta lulluɓe kitson wayoyin baya kamar tsawon yatsa. A can ciki, inda rana da mai ba su taɓa kaiwa ba, launin yana nan kamar jiya aka yi shi. Kuma a hasken rana ake dubawa, ba da tocilan ba. Kauri ma shaida ne. Wayoyin Ingila da yawan silin tagullar da ke cikinsu ake auna su, kowane sili kaurinsa milimita 0.30: mai sili 14 tana ɗaukar wajen amfiya 8, mai 28 wajen 17, mai 44 wajen 27. In ka ga kakkaura a bayan dashbod, komai koɗewarta, ka sani ba ta agogon mai ba ce. Ko ta caji ce ko ta fitilun gaba.

Duk da haka launi zato kawai yake ba ka. Tabbaci yana wurin fitilar gwaji. Tawa ni na haɗa ta: ƙwan fitila mai wat 21, waya biyu, ɗaya da maƙali mai haƙori da ake kama jikin mota da shi, ɗaya da tsinin ƙusa. Ina da mita mai kyau da nake aikin sola da ita, amma a tsohuwar mota fitilar nake fara ɗauka. Dalili kuwa, mita kusan ba ta shan wuta ko kaɗan. Wayar da ta ruɓe saura sili ɗaya, ko mahaɗar da ta yi kore da tsatsa, za ta nuna maka volt 12 cif a mita, ka ce lafiya lau. Ƙwai mai wat 21 kuwa yana jan amfiya kusan 2. In hanyar ta lalace sai ya yi ja-ja ko ya ƙi kamawa. Kowace wayar da ban gane ba tambayoyi iri ɗaya nake mata. Tana da wuta makulli a kashe? Tana samu in an murɗa makulli? In an kunna ƙananan fitilu fa, ko manya, ko an taka birki? In duk ba ta amsa ba, sai in mayar da maƙalin kan batir mai tarawa in taɓa ta. In ƙwan ya kama da ƙarfi, ardi ce ko kuma tana komawa ardi ta cikin wani makunni. In ya kama dishi-dishi, akwai wani ƙwai ko na'ura a kan hanyarta. Duk wadda ta amsa sai ƙanena ya naɗa mata farin tef ya rubuta sunanta.

A nan ne muka ci karo da abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan. A bayan dashbod akwai wata mai ruwan ƙasa tana reto, bakinta naɗe da tsohon tef. Ƙanena a wurin masu gyaran Mercedes da Volkswagen ya fara koyon aiki, saboda haka ya ɓare tef ɗin yana neman noti a jikin ƙarfe ya ɗaure ta. Ya ce, “Yaya, ga ardi nan ya kwance, ƙila shi ne duk matsalar.” Usta daga kan benci ya ce, “Kul! Ajiye ta. A ɗora mata fitila tukuna.” Na taɓa ta, ƙwan ya kama fau, makulli kuwa yana aljihun Baffa.

Yaron bai yi wauta ba, abin da aka koya masa gaskiya ne a inda aka koya masa. A motocin Jamus mai ruwan ƙasa ita ce ardi, ja ita ce mai wuta kullum, baƙa kuma a Volkswagen ita ce ta makulli. A na Ingila mai ruwan ƙasa ita ce mafi haɗari a duk motar, baƙa kuma ardi. Da ya ɗaure ta, babu fis ɗin da zai tsinke. Wayar ce za ta yi ja a cikin kitso ta narkar da maƙwabtanta, kuma tankin fetur na nan ƙarƙashin kujera. Abin da ya ƙara dagula lamarin, a can baya wajen fitilar lamba mun samu wata mai ruwan ƙasar da ardi ce da gaske, guntuwa ce da wani ya yanko daga mataccen kitson motar Jamus ya yi ƙari da ita. Launi ɗaya a mota ɗaya, wannan wuta waccan ardi. Ita ta bayan mun cire ta mun sa baƙa.

Jamusawa ma ba da launi kaɗai suka dogara ba, lambobi suke bugawa a jikin kayan, bisa tsarin DIN 72552: 30 wuta daga batir, 15 bayan makulli, 31 ardi, 50 sitata, 56a doguwar fitila, 56b gajeriya, 58 ƙananan fitilu, 49 da 49a na'urar ƙyafta sigina, 85 da 86 da 87 a jikin rile. Ya kamata mai tsohuwar motar Ingila ma ya san su, domin yawancin rile da makunnan da za ka samu a kasuwa yau da waɗannan lambobin suke zuwa. Na'urar siginar da ke motar Baffa ma irinsu ce.

Yanzu ainihin ciwon. Wannan mota fis 2 kacal gare ta, a wani ɗan akwati jikin bangon da ya raba inji da mazauni. Ɗaya na kayan da ke da wuta kullum, ɗaya na bayan makulli, wanda fara ke shiga koraye su fito. Waifa da agogon mai da fitilun birki duk a kan na biyun suke. Abin da Baffa ya lura da shi shi ne agogon mai yakan mutu a hanyar gona, ya sa sabon fis, ya yi kwana biyu, ya sake mutuwa. Bai san duk lokacin da allurar ta kwanta fitilun birkinsa ma sun mutu ba. Wannan shi ya fi tayar mini da hankali, domin yakan dawo bayan isha ta babban titin da tireloli daga Bur Sudan ke bi. Da ya gaji da sayen fis, wani a bakin hanya ya naɗa masa silin tagulla a kan mataccen. Agogon ya daina mutuwa, amma wani ƙauri ya fara tashi.

Lissafi ya nuna ba nauyi ne ya yi yawa ba. Ƙwan birki biyu, kowanne wat 21, amfiya 3 da rabi ke nan. Wannan ba zai tsinka fis ba. Shot ne, wato waya mai wuta na taɓa jikin mota, kuma mai zuwa yana tafiya, wanda ya fi kowanne wahalar kamawa. Dabarar da usta ya koya mini ita ce a cire fis a haɗa fitilar gwaji a gurbinsa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Ƙwan ba zai bar wutar da ta fi ƙarfinsa ta wuce ba, saboda haka ba abin da zai ƙone, kuma duk lokacin da waya ta taɓa jiki zai haska da dukkan ƙarfinsa. Muka zare farar wayar kwil don kada ya yi zafi makulli na buɗe inji a kashe, muka cire ƙwayayen birki biyun don kada su ruɗe mu, muka murɗa makulli. Shiru. Muka girgiza wayoyin waifa, shiru. Na tanki, shiru. Ƙanena ya taka birki ya riƙe, na bi kitson ina motsa shi taƙi-taƙi. A wannan ƙira kitson da ke zuwa baya ta cikin ramin ƙarfen shasi yake bi, ya shiga ta gaba ya ɓullo ta baya. Ina kama shi a inda ya ɓullo, Baffa da ke tsaye gaban mota ya ce, “Ga ta, ta kama!” Na saki ta mutu, na ja ta kama.

Zoben robar da ke kare bakin ramin ya daɗe da ruɓewa ya faɗi, bakin ƙarfen ya ci koriya mai ratsin shunayya har tagulla. A kan kwalta ba ta taɓawa. A gargadar hanyar gona, in an taka birki daidai lokacin da mota ta yi tsalle, sai ta taɓa. Silin tagullar da aka sa a gurbin fis ya sa rigarta ta narke kamar tsawon taƙi, har ta fara mannewa da jar da ke gefenta. Muka janyo kitson, muka yanke iya inda ya ƙone kawai, muka yi ƙari da dalma, muka sa masa guntun tiyo a bakin ramin.

Akwai magana a kan fis ɗin kansa. Littafin motar amfiya 35 ya ce, amma fis ɗin gilashi na kamfanin Lucas lambar da ke jikinsa ta inda yake tsinkewa ce. Abin da yake ɗauka yau da kullum amfiya 17 ne. Na kasuwa na yanzu lambar da ke jikinsu ta abin da suke ɗauka ce. In ka sayi mai 35 ka sa, ka ninka abin da aka tsara, waya za ta dahu fis yana nan daram. Mai 15 muka sa.

Muka mayar da ƙwayaye, ƙanena ya taka birki. Ta hagu ta kama sosai, ta dama dishi-dishi, sai kuma Baffa ya ce ƙananan fitilun gaba suna ɗan ja alhali ba wanda ya kunna su. Wanda bai saba ba zai ce wayoyi ne suka haɗu a wani wuri, ya shiga farke kitso. Ba haka ba ne. Ƙwan baya zare biyu ne a cikinsa, mai wat 21 na birki da mai wat 5 na dare, kuma gindi ɗaya suke komawa ardi ta cikinsa. In gindin bai samu ardi ba, wutar birki sai ta ratsa zaren farko, ta rasa mafita, ta bi ta zare na biyu ta faɗa jar waya, ta tafi neman ardi ta cikin sauran ƙananan fitilu har na gaba. Jikin Land Rover na alminiyam ne, shasi da sukurori na ƙarfe, kuma inda biyun suka haɗu da damshin damina wani farin gari yakan taru ya tare wuta. Na auna da mita batir a kwance ta ce hanya a buɗe take. Na mayar da batir, aka taka birki, na auna tsakanin gindin fitilar da shasi: kusan volt 5, inda bai kamata a ga ko rabin volt ba. Hanyar ardi sai tana ɗauke da kaya ake gane lafiyarta. Muka kankare da sanfefa, muka ja baƙar waya sabuwa daga kowace fitilar baya zuwa noti a kan shasi, muka shafa giris. Haka muka bi 'yan mahaɗan tagullar nan masu kama da kan harsashi da ake cusawa cikin bututun roba, muna zarewa ɗaya bayan ɗaya muna gogewa muna mayarwa. Ɗaya bayan ɗaya fa, ba a zare su duka a tara ba.

Saura marayun wayoyin da juyin dinamo ya bari. A da akwai katawut, na'urar da ke daidaita cajin dinamo, a jikin bango mai ƙafafu 5, A1 da A da F da D da E. An cire shi, wayoyinsa suna nan. Mai ruwan ƙasa da ratsin kore, wadda a da take zuwa F, ba wuta ba ardi, mun bi ta da doguwar waya da mita muka samu ɗaya bakin nata a kwance kusa da altaneta. Ba mu yanke ta ba. Mun rufe bakunan biyu muka rubuta mata suna, domin wata rana za a so waya daga inji zuwa bango, ga ta nan a shirye. Mai ratsin fari da mai ratsin shuɗi, na A da A1, an murɗe su da hannu kawai an naɗe da tef, kuma duk wutar makulli da ta fitilu ta wannan murɗin take bi. Zafin Afrilu a garin nan yakan haura digiri 40, tef ɗin ya zama danƙo yana zamewa. Muka kwance kan batir na jiki, na cire agogon hannuna, muka haɗa su da dalma yadda ya kamata. Waccan mai reton da ƙanena ya so ɗaurewa kuwa tsohuwar wayar soket ɗin fitilar duba inji ce da ke kan dashbod. Mun mayar da ita mazauninta.

Da muka gama na sake zana takardar bisa yadda motar take yanzu, ba yadda ta fito daga Ingila ba: ardi a kan ɗebewa, altaneta, baƙaƙen wayoyin da muka ƙara, inda aka yi ƙari da dalma, girman fis. Na sa ta a leda na ajiye a akwatin kayan aiki. Baffa ya tambaye ni amfanin takarda tunda ga ni. Na ce, “Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, in ta tsaya maka a Galabat, can bakin iyakar Habasha, ba ni za ka samu ba.” Ya karɓa ya duba, ya ce in ƙara rubuta sunayen da Larabci a gefe saboda masu warsha, wato masu garejin gyara. Na rubuta.

Abu ɗaya ya rage, kuma ina so a gama shi kafin ruwa ya sauka. Dinamon da motar ta zo da shi, Lucas C40, amfiya 22 yake bayarwa, kuma a kan wannan aka auna kaurin wayar caji da agogon da iyakarsa 30. Altanetar da ke ciki yanzu 55 aka rubuta a jikinta. Da safe in batir ya yi sanyi aka tada inji, na dafa wayar mai sili 44 da ke bayan agogon na ji ta da ɗumi. Maganin shi ne a ja kakkaurar waya daga altaneta kai tsaye zuwa ƙafar makunnin sitata inda babbar wayar batir ta sauka, a sa mata fis nata. Hakan zai sa agogon caji ya daina faɗin gaskiya, don haka sai an ƙara ɗan agogon volt: 12.6 in batir ya cika inji a kashe, tsakanin 13.8 da 14.4 in yana aiki. Ina da waya mai kaurin milimita sikwaya 10 cikin kayan sola, amma ja ce da baƙa, kuma ja a wannan mota ta ƙananan fitilu ce. Na ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Bur Sudan saƙon mai ruwan ƙasa. In bai samo ba zan sa jar, in naɗe bakunanta biyu da tef mai ruwan ƙasa, in rubuta ta a takardar.